Neman kalmar Hausa: me za mu kira "wotakala"?

Malamar Zane: Assalamu alaikum. Ranar Litinin zan fara koya wa 'yan aji ɗaya zanen sararin sama da duwatsu ta amfani da wotakala, kuma da Hausa nake so in raba musu takardar darasi. Launin nan nake nufi da ke zuwa a 'yan gurabe cikin ƙaramin akwati, a jiƙa burushi a shafa. Sunansa nake nema, da sunan dabarar da ake fara jiƙa takarda sannan a ɗiga launi ya bazu da kansa, wadda da ita ake fitar da gajimare. Gobe da yamma zan kai wa mai buga takarda.

Ɗalibin Zariya: Wa'alaikumus salam. Fentin ruwa. Magana ta ƙare.

Mai Fentin Gini: Ba ta ƙare ba, ƙanena. Shiga kasuwa ka ce a ba ka fentin ruwa, bokiti za a sauko maka da shi, na shafa wa bango. A sana'armu fenti biyu ne, na ruwa da na mai. In Malama ta rubuta haka, iyayen yara galan za su aiko.

Ɗan Damagaram: Mu nan da Faransanci muka san shi, akwarel. Larabawa kuwa alwan ma'iyya suke cewa. Me zai hana launin ruwa?

Malamar Zane: Na gwada shi a kan 'yata, sai ta ce, "Umma, ruwa yana da launi ne?" Ga kuma ruwan toka da ruwan hoda da ruwan goro, duk a darasi ɗaya. Kansu zai ɗaure.

Tsohon Mai Fassara: Abin takaici, sai mu yi ta kewaya fenti kamar kakanninmu ba su taɓa riƙe launi ba. Me ke cikin wotakalar? Garin launi ne da ƙaro, ƙaron da ake samu a jikin dakwara, wanda Sudan da Chadi da Nijeriya ke fitarwa zuwa Turai, a kwaɓa a dawo mana da shi cikin akwati. Almajiri da ƙaro yake haɗa tawadarsa. Mai zayyanar allon sauka da ƙaro yake kama ja da kore da rawaya. Abu namu ne. Sunansa tawadar zayyana, Hausa tsantsa, babu aron Bature.

Ɗalibin Zariya: Baba, ranka ya daɗe, batun ƙaro gaskiya ne, amma tawada da launi da allo duk ta Larabci suka shigo. Ina tsantsar take?

Tsohon Mai Fassara: Waɗannan sun yi ɗaruruwan shekaru a bakinmu, sun zama 'yan gida. Fenti jiya ya sauka a tasha.

Ɗalibin Zariya: To ban da wannan, aikin ma ba ɗaya ba ne. Zayyana layi ce mai kaifi, launi cike, kowane gida da iyakarsa. Wotakala kuwa shara-shara ake son ta, hasken takarda yana leƙowa ta ƙarƙashi. Farin gajimare ma ba shafa shi ake yi ba, takardar ake bari, ko a dangwale launin da auduga tun yana ɗanye. Daga mai haske ake farawa zuwa mai duhu. Dubi sararin saman da Turner, mai zanen Ingila da ya rasu a 1851, ya riƙa yi, ba ka ganin inda shuɗi ya ƙare rawaya ya fara. Ka ce wa yaro zayyana, zai ɗauko rula ya yi wa hadari katanga.

Ɗan Damagaram: Ku dai ku yanke a Kano da Zariya, gobe a ce mana ita ce daidaitacciyar Hausa. Ba a taɓa tambayarmu.

Mai Fentin Gini: Malam, kai da ka zo mana da akwarel?

Ɗan Damagaram: Launin ruwa na kawo, aka ture shi saboda 'yar yarinya ta yi tambaya.

Malamar Zane: Don Allah ku yi haƙuri, mai buga takarda ba zai jira mu ba. Ta biyun fa, jiƙa takarda?

Mai Fentin Gini: Wannan mai sauƙi ce, Malama. Fentin da bai bushe ba ɗanye muke ce masa. Ki ce ɗanye kan ɗanye. In an bari takarda ta bushe kafin a ɗora Dala ko Kufena don bakin dutsen ya fito sarai, ɗanye kan busasshe ke nan.

Ɗalibin Zariya: Wannan ta zauna. Amma ki nemi takarda mai kauri, mai nauyin giram 300 a kowace murabba'in mita, ta littafin rubutu kumbura za ta yi da ta sha ruwa.

Tsohon Mai Fassara: Ɗanye kan ɗanye na yarda. Ta farkon ina nan a kan bakana.

Malamar Zane: Ga abin da zan rubuta: fentin ruwa na takarda, in bayyana a layin farko cewa da ƙaro ake haɗa shi kamar tawadar allo. Na gode muku duka.

Tsohon Mai Fassara: Kalma huɗu ba suna ba ne, 'yata, kwatance ne. Ki buga saboda Litinin, amma a bugu na biyu za mu sake zama.

Ɗan Damagaram: A wancan zaman a fara jin ta bakin Nijar.