'Yan mazan jiya na Zariya: me ya taɓa zuwa hannunku daga ɓangaren jiha?

Ɗan Samanja, Sabon Gari

Assalamu alaikum. Ina roƙon iyayenmu da suka ajiye kaki, da iyayenmu mata da mazajensu suka rasu a bakin aiki, kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa, ban da "an ce". Zariya garin soja ce. Daffo na horar da kurata tun 1924, ga makarantar sojoji ta yara da aka kafa a 1954, ga barikin Basawa. Shi ya sa daga Muciya zuwa Palladan da wuya ka wuce layi biyu ba ka ga gidan tsohon soja ba, wasu ma ba 'yan nan ba ne, aiki ya kawo su suka zauna.

Fansho da giratuti na tarayya ne, Hukumar Fanshon Sojoji da ke Abuja ke biya, wannan kowa ya sani. Tambayata a kan jiha ce: taki, fili, magani, aiki, karatun yara. Wa ya taɓa samu, kuma ta wace ƙofa ya shiga?

Tsohon Saje, Tudun Wada

Wa'alaikumus salam, ɗana. Ka yi tambaya mai kyau. Ni na je Laberiya da Ekomog, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, a farkon shekarun 1990, daga baya aka tura mu Saliyo. Duk abin da na taɓa samu daga jiha ta hannun ƙungiyar 'yan mazan jiya ya zo, wato Lijiyon. Shugaban ƙasa ne babban uban ƙungiyar, gwamna kuma uba ne a jiharsa. Idan 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, ta gabato sai a ƙaddamar da bajen tunawa da ake maƙalawa a ƙirji, gwamnati da masu hali su ba da gudummawa, a ranar kuma a yi fareti a Kaduna, a ajiye furanni, a saki tattabaru. Abin da aka tara shi ake rabowa zuwa rassan ƙananan hukumomi.

Na samu shinkafa da ɗan kuɗin cefane, kuma na gode. Amma ka lura da wannan: da rajista ake kira. Wanda bai kai takardar sallamarsa aka rubuta sunansa da lambarsa ba, ko a gabansa ake rabo ba za a kira shi ba. Akwai abokina a Tudun Jukun, tare muka fita Daffo, har ya rasu sunansa bai shiga littafin ba, yana cewa shi ba zai je layi ba bayan duk layin da ya bi a bariki.

Kofur mai ritaya, Kwangila

Oga Saje, na sara maka. Ni dai aiki na samu, gadi a wata makaranta, ta sashen masu gadi na ƙungiyar. Albashin kaɗan ne, amma da babu gara ba daɗi. Abin da ke ci mini rai shi ne a Oshodi, cibiyar da ake koya mana sana'a kafin sallama, kiwon kaji na koya, kuma na iya. Na dawo ba jari, ba fili. Giratuti ya tafi a rufin gida da kuɗin makarantar yara. Yanzu ilimin yana kaina, ni kuma ina kan benci a bakin get daga magariba zuwa asuba.

Maman 'yan biyu, Basawa

Yayyena, ku bar ni in yi magana a madadin mata, don namu daban ne. Maigidana ya rasu a Arewa maso Gabas. Ranar da aka zo gaya mini, ina tsakar gida ina tankaɗen masara, na ga mutum biyu cikin kaki sun tsaya a bakin ƙofa sun cire hula. Ban bari sun buɗe baki ba.

Abin da ba a gaya wa matar soja shi ne, bayan takaba takarda ce ke jiran ta. Sunan wa ya rubuta a matsayin magaji? Nawa mijin tun yana kurtu ya sa sunan yayansa, aure ya zo, haihuwa ta zo, bai canza ba. Allah Ya sa yayan mai tsoron Allah ne, ya raka ni duk inda aka ce a je, ya sa hannu, ya miƙo mini abin da ya fito. Na san wadda ba ta yi wannan dacen ba, dangin miji suka karɓe komai, ita kuma lokacin barin gidan bariki ya yi, ta kwashe yara ta koma ɗaki guda a Dogarawa.

Rundunar soja tana ɗaukar nauyin karatun 'ya'yan waɗanda suka rasu a bakin aiki, nawa sun amfana, Alhamdu lillahi. Daga ɓangaren jiha kuwa, an taɓa kiran mu zawarawa aka ba mu atamfa da buhun hatsi. Wata shekarar aka ce za a ba da keken ɗinki, na kai hotuna da kwafin takardu wani ofishi a Kaduna, kuɗin mota daga aljihuna, aka ce in jira kira. Shiru. Ba atamfar na raina ba, wallahi. Amma mace mai marayu abin da take nema shi ne wurin da za ta je ta tarar da mutum a kan tebur wanda aikinsa ke nan, ya buɗe fayil ya ce mata ga inda maganarki ta tsaya. A watan Janairu kowa ya san mu. Kuɗin makaranta kuwa a Satumba ake nema.

Ɗan Samanja, Sabon Gari

Allah Ya jiƙansa, Mama, Ya raya abin da ya bari. Maganar magaji yau zan yi wa ƙanena ita, yana barikin Jaji yanzu haka.

Malamar jinya, Samaru

Ni ba soja ba ce, mahaifina ne. Ya yi yaƙin basasa, 1967 zuwa 1970, yanzu hawan jini da ciwon gwiwa sun zaunar da shi. Ga masu irin wannan: tsofaffin sojoji suna da inshorar lafiya a ƙarƙashin DHML, wato kamfanin inshorar lafiyar sojoji, ta tarayya ce, kuma sai an yi rajista an zaɓi asibiti. Baba bai sani ba sai da na bincika. Ta rage mana nauyi sosai, ko da yake akwai ranar da muka je wani asibiti aka ce maganin ya ƙare, mu saya a waje.

Jiharmu ma tana da nata tsarin inshorar lafiya, KADCHMA. A ganina nan ne ya fi dacewa a shigar da zawarawan sojoji da tsofaffin da aka sallama ba tare da fansho ba, don su ne suka faɗa tsakiya. Tsohon da ke Zariya bai kamata sai ya yi tafiyar kusan kilomita 80 zuwa asibitin sojoji na 44 a Kaduna don awon jini ba.

Tsohon Saje, Tudun Wada

'Yata, Allah Ya yi miki albarka. Ki gaida mini Baba, ki ce wani ƙaramin soja yana sara masa. Su ne manyanmu. Ranar 15 ga Janairun ma saboda ƙarshen yaƙinsu aka tsayar da ita, da can 11 ga Nuwamba ake yi.

Manomi, hanyar Shika

Ni ra'ayina ya ɗan bambanta. Taki na samu a farashin gwamnati, amma a matsayin manomi, ta ƙungiyar manoman gundumarmu, babu wanda ya tambayi lambar sojata. Ina ganin mu ma mu daina jiran a kira mu da sunan 'yan mazan jiya kaɗai. Mu 'yan jiha ne, duk abin da ake raba wa jama'a da haƙƙinmu a ciki. Mu yi rajistar ƙungiyar gama-kai ta noma, mu nemi fili da sunanta. Kofur na Kwangila, kai da ka iya kaji, ni ina da masara da waken soya. Zo mu zauna.

Kofur mai ritaya, Kwangila

Na ji, Alhaji, kuma zan zo ranar da ba na aiki. Sai dai ina da tambaya ga wanda ya sani. Lokacin da jiha ta ɗauki mutum 7,000 aikin 'yan sintiri na KADVS a 2023, akwai tsohon sojan Zariya da aka kira, ko don koyar da fareti da ladabin aiki? Mu da muka san daji da tsaron dare, ƙarfinmu bai ƙare ba. Idan akwai wanda ya shiga, ya gaya mana ta inda ya bi da takardun da aka nema a wurinsa.