Jadawali ko lakabi: yaya ya kamata a rubuta haɗa kaya a wasan MUD?

Bashir: Ni dai har yanzu ina kan bakana. A MUD, wato wasan rubutu da mutane da yawa ke bugawa tare ta intanet, jadawali ya ishe ka haɗa kaya. Ka rubuta cewa ruwan gatari da ƙota su ba da gatari, shi ke nan. A DikuMUD, manhajar MUD da ɗalibai suka fitar a Kwafanhagan a 1991, kowane abu da lambarsa, wato vnum, kuma CircleMUD da sauran manhajojin da aka gina a kan DikuMUD haka suka gada. Lamba kaza da lamba kaza su haifi lamba kaza. In an sami kuskure, layi ɗaya za ka duba.

Hauwa: Yaya Bashir, ka yi lissafin kuwa? Kaya 100, in za a haɗa su bibbiyu, haɗi 4,950 ke nan. Nawa za ka iya rubutawa? Sauran duk ɗan wasa zai buga umarni a ce masa ba zai yiwu ba. Ya riƙe sandar gora yana so ya yi ƙota, wasan ya ƙi, don kawai lambarta ba ita ce ka sa a jadawali ba. Wannan yana kashe wa mutum gwiwa. Ka ba kowane abu lakabi: itace, ƙarfe, mai kaifi. Haka tsarin ƙira na Evennia yake, wato manhajar gina MUD da aka rubuta da harshen kwamfuta na Python. Lakabi yake dubawa, kuma ya raba kayan aiki da ba sa ƙarewa, kamar masaba da uwar maƙera, da kayan da aikin ke cinyewa, kamar gawayi.

Bashir: Ƙanwata, nan ne tsorona. Ranar da wani magini, wato mai ƙara wurare da kaya a wasan, ya ƙara sabon ƙarfe mai arha ya manna masa lakabin, kowa zai ƙera takobi mafi ƙarfi a banza, kasuwar wasan ta rushe. Da jadawali babu abin da zai fito wanda ban sani ba.

Hauwa: To sai ƙarfin takobin ya biyo ingancin ƙarfen da aka sa. Ƙarfe mai arha, takobi mai rauni.

Malam Usman: Ku dakata. Kowanne kuka zaɓa, abin da ya taɓa cina daban ne. Na sa ƙira ta ɗauki daƙiƙa 30, na duba kayan a farko kawai. Ashe 'yan wasa sun gano: su fara ƙira, su miƙa wa aboki ƙarfen, takobi ya fito, ƙarfe na nan. Sai da na share kayan mutane da hannuna, har yau abin na damuna. Yanzu ina ƙwace kayan tun a farko, in ajiye su a gefe, in an katse aikin in mayar. Cire kaya da fitar da sabon abu kuwa, tare nake adana su, don kada sabar, wato kwamfutar da wasan ke gudana a kanta, ta faɗi a tsakani.

Bashir: Allah ya saka da alheri, Malam, wannan zan ɗauka yau. Amma takubba da sulke dai suna jadawali.

Hauwa: Na bar maka makamai. Igiya, tocila da ƙota fa?

Bashir: Turo mini lakabinki in gwada a kan ƙota tukuna.