Don Allah a taimaka, ya zan ce vitamin D deficiency da Hausa? Gobe ne shirin

Maman Ilham:
Salamu alaikum 'yan uwa. Gobe ƙarfe 9 na safe nake da shirin lafiya a rediyo, likitan da zai zo ya turo min takarda duk turanci kuma ni zan yi shimfiɗa kafin ya fara magana. Na rubuta "rashin bitamin D" na goge, na rubuta "ƙarancin sinadarin bitamin D" na ji ya yi min tsawo a baki. Ga rickets da osteomalacia su ma sun tsaya min a wuya. Abin ya dame ni ne saboda ɗan ƙanwata, shekararsa 3 ƙafafunsa sun lanƙwashe kamar baka, wuyan hannunsa ya yi kauri, in ka shafa haƙarƙarinsa za ka ji ƙulli ƙulli a jere kamar carbi, amma kakarsa ta kafe wai tsayar da shi aka yi tun bai isa ba. Irin kakar nan nake so ta ji ta gane.

Abban Sadik:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ƙaranci za ki ce. Rashi babu ne kwata kwata, wannan kuwa akwai shi bai dai isa ba, kamar yadda muke cewa ƙarancin jini. Ki jefar da sinadarin, "ƙarancin bitamin D" ya wadatar.

Malam Ɗan Gobir:
Ni dai ban yarda da bitamin ɗin nan ba. Tun da fatar mutum ce ke haɗa shi in rana ta taɓa ta, me zai hana a ce SINADARIN HANTSI? Ƙarancin sinadarin hantsi. Bahaushe ya san shan hantsi tun kaka da kakanni, tsohuwa na ji ta san maganin a tsakar gidanta yake. Na daɗe ina kawo wannan kalma ba mai saurare.

Abban Sadik:
Wallahi ta yi daɗi a kunne Malam, wannan kam ba musu.

Anti Nas:
Daɗi kam ta yi amma ni da nake ɗakin awo kullum tsoro take ba ni. Na ɗaya ba rana kaɗai ba ce, yana cikin kifi mai maiƙo irin su titus da sadin na gwangwani, da gwaiduwar ƙwai da hanta da man kifin nan da ake ba yara a cokali. Na biyu hasken da ke sa fata ta haɗa shi ya fi ƙarfi ne in rana ta ɗaga sosai, ta sassafe ba ta yin wani abin kirki, kuma in ta gilashin taga ta shigo ba ta aiki. Sannan uwa ta je kemis ta ce a ba ta sinadarin hantsi wa zai gane? A jikin kwalba D aka rubuta.

Malam Ɗan Gobir:
To ai haka ake kashe harshe. Komai sai mu jira mu ga abin da Bature ya rubuta a kwalba. Ita kanta kalmar bitamin ɗin ai wani ne ya zauna ya ƙirƙira a 1912, Casimir Funk, ba daga sama ta faɗo ba. D ɗin kuma don shi ne na huɗu da aka raɗa wa suna, ba wata ma'ana a ciki. Su suna da ikon ƙirƙira mu ba mu da shi ke nan?

Ɗan Damagaram:
Ku 'yan Najeriya kuna ta faɗa, mu nan "bitamin De" muke cewa ba "Di" ba, kuma ana kama rediyoyinku har nan. Ko likita ma da kuke cewa mutum, wurinmu gidan ne likita, mutumin lokotoro ne. Kullum sai a yanke magana a Kano a ce ita ce Hausa.

Malam Ɗan Gobir:
Madalla ɗan uwa, ka ga hujjata. Hantsi ba shi da Di ba shi da De, daga Maraɗi har Zazzau hantsi ne.

Abban Sadik:
Malam asibiti da likita da rediyo duk aro ne, allura ma daga Larabci ta zo, yau wa zai ce ba Hausa ba ce? Kalma in ta shiga bakin mata a gidan suna ta zama tamu, kuma bitamin ta daɗe da shiga.

Malam Ɗan Gobir:
Waɗancan an aro su lokacin da ba mu da masu digiri a Hausa. Yanzu ga Bayero ga Danfodiyo ga ABU, me aka karanta ke nan?

Maman Ilham:
Don girman Allah ku dawo, ƙarfe 10 ta wuce kuma har yanzu ban samu rickets ba.

Abban Sadik:
Gwame?

Anti Nas:
A'a Yaya, gwame kamannin ƙafar ne kawai, akwai mai gwame da ba shi da ciwon, yara da yawa ma ƙafarsu kan miƙe da kanta in sun tasa. Ainihin abin shi ne ƙashi bai yi ƙwari ba, domin bitamin D ne ke sa hanji ya tsotsi kalsiyam, wato sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, daga abinci, in ya yi kaɗan ƙashin sai ya yi laushi nauyin jiki ya tanƙwara shi. Ni "laushin ƙashi na yara" nake ce wa iyaye, na manya kuma, wato osteomalacia, "laushin ƙashi na manya", shi ne za ki ji mace tana kukan ciwon ƙugu da cinyoyi, tashi daga tabarma sai ta dafa ƙasa. Kuma Maman Ilham ki tambayi likitan gobe a kan wannan, an yi bincike a asibitin koyarwa na Jos aka buga a 1999, aka ga yaranmu masu wannan ciwo kalsiyam ne ya fi yi musu kaɗan a abinci, waɗanda aka ba kalsiyam sun fi warkewa a kan waɗanda aka ba bitamin D shi kaɗai. Yaro daga yaye sai koko da tuwo ba nono ba madara. In kika ce hantsi kawai uwa za ta shanya yaro a rana ta ɗauka ta gama magani.

Maman Ilham:
Allah ya saka da alheri Anti. Ga abin da na rubuta: "ƙarancin bitamin D, wanda jiki ke samu daga hasken rana da kifi da ƙwai, yana iya kawo laushin ƙashi ga yara da manya." Zan ce Di in ƙara da De sau ɗaya saboda 'yan uwanmu na Nijar. Malam zan ambaci sinadarin hantsi a farko in ce wani malami ne ya ba da shawara, mu ji me masu bugo waya za su ce.

Malam Ɗan Gobir:
Sau ɗaya tak? To shi ke nan, ya fi babu. Amma ki faɗe ta a hankali yadda za a ji, kuma ni laushin ƙashin nan ma ban gamsu ba, taushi ya kamata a ce.

Ɗan Damagaram:
Mu ma taushi muke cewa.