Tambarin hular soja mai rubutun CAMERON: na Kamaru ne?

Tela Ɗan Garwa:
Salamu alaikum jama'a. Muna rabon gadon kakanmu a Garwa, sai ga wani tambarin hular soja a ƙasan adakarsa, cikin ƙullin tsumma. Farin ƙarfe ne, bai cika tafin hannu ba. Akwai mutum tsaye riƙe da itace biyu a gicciye, ganye mai ƙaya ya zagaye shi, a ƙasa an rubuta CAMERON. Kawuna ya rantse na sojan Kamaru ne na zamanin Turawa, wai maƙerin ne ya ci harafi ɗaya. Wani dillali har ya taya sefa dubu goma. Ni dai raina bai kwanta ba, don a lakwal Cameroun aka koya mana. Masana, ku fitar da mu duhu.

Tsohon Malami, Marwa:
Wa alaikumus salam ɗana. Ka gaida Kawu, amma maƙeri bai yi kuskure ba. Jamus ta rubuta Kamerun, Faransa Cameroun, Ingila Cameroons, duk daga sunan jatan landen da 'yan Fotugal suka tarar a kogin Wuri. Cameron kuwa sunan wata zuriya ce a tsaunukan Sikotland. Tambarinka na wata rundunar sojan Birtaniya ne, Cameron Highlanders, mai lamba 79, wadda Alan Cameron ya tara a 1793.

Kuma ba Kawu kaɗai sunan ya taɓa rikitawa ba. An yi wata rundunar daban, Cameronians, ta 26, tun 1689, mai sunan wani mai wa'azi, Richard Cameron, da aka kashe a 1680. Ba dangin iya ba na baba tsakaninsu. To ita ta 79 ɗin da farko Cameronian Volunteers aka sa mata, daga baya aka gyara, don haka mai bin tsofaffin takardu sai ya riƙe lambar runduna, kada ya dogara da suna.  

'Yar Kuseri:
Allah ya ƙara sani Baba Malam. To ni abin da ya ɗaure min kai, me ya kawo shi Garwa?

Direban Njamena:
Hajiya, hanya biyu nake gani. Sojan da suka karɓi Garwa daga hannun Jamus ranar 10 ga Yuni 1915, ban da na Faransa, rundunar Najeriya ce, cike da Hausawa, hafsoshinta kuwa aro ake yi daga rundunonin Birtaniya, kowa da kayan gidansu a akwati. Su ne kuma suka yi wa sojan Jamus ƙawanya a dutsen Mora har Fabrairu 1916. Ta biyu, hanyar gabas: 'yan Cameron sun yi yaƙin Omdurman a 1898, kuma kakanninmu ta Sudan suke bi zuwa Makka a ƙasa. Hasashe ne dai, tambarin hula ba ya ɗauke da sunan mai shi.

Tsohon Malami, Marwa:
Haka ne. Ɗana, sake zazzage adakar nan. In akwai lambar yabo mai zagaye kamar sule, duba bakinta, sau da yawa Birtaniya a nan take buga sunan soja da lambarsa da rundunarsa a taƙaice. Kuma don Allah kada ka goge shi da toka, dillalin nan ma ce masa ya dakata.