Kunzugun jariri a zafin Jidda

Shawarar da ungozomomi da iyaye mata 'yan Hausa a Jidda suka tsaya a kai: a sayi kunzugun auduga zalla, guda 24 ga sabon haihuwa, don ana canjawa duk awa biyu ko uku. Mai kauri ya fi tsotse fitsari, amma a danshin Jidda ba ya bushewa da wuri. Gara mai falle ɗaya a ninka.

A wanke sabo sau uku kafin a ɗaura. Ban da Downy (ruwan sanya tufafi laushi), yana toshe zaren, fitsari ya zarce. A ɗauraye sosai, ragowar omo ke kawo ƙuraje. Wandon roba kuwa, sai za a fita unguwa; a ƙugu a bar sararin yatsa biyu.