Tsutsotsin ƙwari suna baƙi a cikin itanol

Salamu alaikum. Ina tattara tsutsotsin ƙwari domin ɗalibai su koyi raba rukunin Lepidoptera (dangin malam-buɗe-littafi) da Hymenoptera (dangin ƙudan zuma da rina) ta ƙirga ƙafafun ciki: na farko ba sa wuce biyar a kowane gefe, masu kama da su a rukuni na biyu kuwa shida ne ko fiye. To, da na zuba su a itanol (sinadarin barasa da ake adana su a ciki) mai ƙarfin kashi 70, kwana 3 sai su yi baƙi, su motse, ƙafafun su shige ciki. Ƙirga ta gagara, ko da madubin ƙara girma.

Na gwada kashi 95, suka ƙandare. Na tafasa wasu tukuna, manyan suka fashe.

Don Allah, zafin ruwa nawa ya dace a tsoma su, kuma na minti nawa, kafin itanol?