Alewar 'ya'yan itace ta fi minti amfani ga yara? Abin da aka tattauna

An yi tattaunawa a kan ko alewar 'ya'yan itace da ake sayarwa a leda ta fi minti amfani ga yara. Na tattaro abin da aka faɗa, ga shi a taƙaice.

1. Kusan kowa ya yarda cewa hoton lemo ko mangwaro a jikin leda ba hujja ba ne. A juya bayan ledar a karanta kayan haɗi, domin abin da ya fi yawa shi ake fara rubutawa. A yawancinsu sukari da ruwan zaƙin masara ne a gaba.

2. Giram 4 na sukari daidai yake da ƙaramin cokali ɗaya. Ƙaramar leda takan ɗauki kusan cokali 3. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta ce kada yaro ya kai giram 25 na ƙarin sukari a rana, wanda bai kai shekara 2 ba kuwa kada a ba shi.

3. An fi daɗewa a kan haƙora. Alewar na da danƙo, tana maƙalewa a turamen haƙori, ƙwayoyin cuta su mayar da sukarin tsami mai cin haƙori. A ba yaro ita bayan abinci, ya kurkure baki. Kada ya wuni yana tsotsa.

4. A duba jelatin, sinadarin da ke sa alewar danƙo, wani daga alade ake samunsa. Fektin, da ake sawa a madadinsa, daga 'ya'yan itace yake.

Inda aka rabu: wasu na ganin bitamin C da ake ƙarawa ya sa ta ɗan ɗara minti. Wasu suka ce an riga an tace harzar, wato zare-zaren cikin 'ya'yan itacen, lemo ɗaya ko gwaiba ya fi. Ni ma nan na karkata.

Busasshen dabino da zabibi suna da harza, amma su ma suna manne wa haƙori.